Waiwaye: Tun kafin korona allura ke sukar ma'aikatan asibiti

Duk shekara da hunturu ya kama, aka fara jin labarin zazzaɓin Lassa, sai muhawarar nan ta dawo a rediyo da Facebook da majalisun Sakkwato: ma'aikatan lafiya ba su da kayan kariya, alawus ɗin haɗari bai taka kara ya karya ba, wa zai riƙe iyalin wanda ya kamu a bakin aiki? Da yawa suna magana kamar da korona abin ya fara. Ya girmi korona nesa ba kusa ba, kuma ɓangaren da ya fi yi wa ma'aikata illa, wato ciwon hanta nau'in B da ake ɗauka ta sukar allura, ba shi ake tayar da jijiyar wuya a kai ba.

Manyan labaran sanannu ne. A 1969 aka gano zazzaɓin Lassa a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, bayan ya kashe ma'aikatan jinya biyu. A 1970 wata likita a Jos ta yanke hannu tana binciken gawa, ita ma ta rasu. Sanƙarau ya yi ɓarna a Arewa a 1996, ya sake dawowa Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu a 2017. Ebola ta shigo Legas a Yulin 2014, mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh. Korona ta iso a Fabrairun 2020. Kowane karo salon ɗaya ne: riguna da takunkumi su iso, a kafa bokiti mai famfo a ƙofar asibiti, a yi bita. Annoba na lafawa, bokitin ya bushe.

Shekarar da ba a cika ambata ba ita ce 2004, lokacin da rigakafin ciwon hanta nau'in B ya shiga jerin alluran da ake yi wa jarirai a Najeriya. Alheri ne babba ga yara. Sai dai tsarin na jarirai ne, babu manya a cikinsa. Kusan duk wanda aka haifa kafin 2004, wato kusan kowane likita da nas da ungozoma da mai shara da ke aiki a yau, bai samu wannan allura yana yaro ba, sai in shi ya nema da kansa bayan ya girma. Nas ɗin da ke ɗiga wa jariri maganin shan inna tana yi masa allurar hanta a cinya, ita kanta tana iya kasancewa ba a taɓa yi mata ba.

Wani zai ce to, 'yan bayan 2004 da suka fara shiga makarantun jinya yanzu ai sun tsira. A Sakkwato wannan lissafi bai tsaya ba. Binciken rigakafi na ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna kusan kashi 3 cikin 100 kacal na yaran jihar ne suka samu zagaye na uku na allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar, wadda rigakafin hanta ke cikinta tun 2012. Ɗalibar da ta zo koyon aiki yau, in ba ta nuna katin rigakafinta ba, a ɗauka ba a yi mata ba.

A tsakiyar shekarun 2000 ɗin ne kuma maganin ƙanjamau ya fara wadata, aka shiga koya wa ma'aikata abin yi idan allura ta soke su. Koyarwar ta yi amfani, amma ta dasa wani tunani: haɗarin allura shi ne ƙanjamau. Har yau ma'aikaci kan soke yatsa, a gwada majinyacin, a ga ba ya ɗauke da ƙanjamau, kowa ya yi hamdala a koma aiki. Lissafi kuwa ya nuna wani wuri daban. Idan allurar da ta shiga jikin mai ƙanjamau ta soki mutum, yiwuwar kamuwa kusan 3 cikin 1,000 ce. Ta ciwon hanta nau'in C kusan 2 cikin 100. Ta nau'in B, ga wanda ba shi da rigakafi, daga 6 har zuwa 30 cikin 100. Binciken ƙasa na 2018 ya samu nau'in B a jikin kusan kashi 8 cikin 100 na manya, ƙanjamau kuwa bai kai kashi 2 ba. A ɗakin majinyata mai gado 25, a ƙiyasce mutum biyu na ɗauke da nau'in B, kuma galibi su kansu ba su sani ba.

Abin da ya sa cutar hanta ba ta tayar da hankali shi ne jinkirinta. Lassa kan kwantar da mutum cikin mako uku, a ji a labarai. Ciwon hanta, idan ya zauna a jiki, kan yi shekara 20 ko fiye yana cin hanta a ɓoye, sai mutum ya kusa ritaya ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, a ce shawara ce ta yi masa yawa. Babu mai tuna allurar da ta soke shi wani dare yana ƙoƙarin sa wa yaro mai zabura ƙarin ruwa da hasken tocila.

Rigakafin kansa ba shi da wuya, amma a wurare huɗu ake samun matsala. Allura uku ce: yau, bayan wata 1, sannan bayan wata 6 daga ta farko. Ta ukun ce ake yawan mantawa, musamman ɗalibai da masu hidimar ƙasa da aka sauya wa wurin aiki. Wanda ya yi jinkiri ba sai ya koma farko ba, ya ɗora daga inda ya tsaya. A damtse ake yi wa babba, domin wadda aka yi a ɗuwawu kan tsaya cikin kitse, garkuwar ta yi rauni. Ana ajiye maganin tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma daskarewa na lalata shi, abin da kan faru idan an jingina kwalbar da ƙanƙara saboda tsoron zafin Afrilu. Na huɗu, bayan wata 1 zuwa 2 da allurar ƙarshe a gwada jini a ga ko garkuwa ta kai 10 a ma'aunin gwajin. In ba ta kai ba a sake zagaye. Kafin a fara, a gwada ko mutum ya riga ya kamu, don shi kulawar likita yake buƙata. Mai juna biyu da mai shayarwa duk suna iya karɓa.

Idan allura ta riga ta soki mutum, ya wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu. Kada ya matse, kada ya tsotsa, kada ya zuba bilic. Ya sanar da shugaban sashe a lokacin, ko da tsakar dare ne. Maganin kariya daga ƙanjamau ana so a fara shi cikin 'yan sa'o'i, ba ya amfani bayan sa'a 72, kuma kwana 28 ake sha ba fashi. Wanda bai yi rigakafin hanta ba, sai ya fara a ranar, tare da allurar garkuwa ta gaggawa in an samu, cikin sa'a 24. Ita wannan tana da tsada, ba kowane kantin magani ke ajiye ta ba. Inda maganin kariya daga ƙanjamau ke kulle a ofis daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin, sa'a 72 ɗin sun kusa ƙarewa kafin a buɗe ƙofa.

Mafi yawan suka na faruwa ne bayan an gama yi wa majinyaci allura. Mayar da murfi da hannu biyu na kan gaba. In dole ne, a ajiye murfin kan tire a zura allurar da hannu ɗaya. Kwalin zuba allura mai cin lita 5 ya kamata ya kasance inda hannu zai kai ba tare da an taka ba, a rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu. Da ya cika ana dannawa, ko ruwan wanke ƙasa ya jiƙa gindinsa, tsini zai leƙo. Tun da aka bar sirinjin gilashi da ake tafasawa aka koma na roba mai amfani sau ɗaya, majinyata sun samu kariya, amma tarin allurar da ake zubarwa ya ninka, haɗarin ya koma kan mai shara da mai wankin zannuwan gado. Su ne ba a cika kira bita ba, da yawansu ma ba sa cikin jerin ma'aikata na dindindin, balle maganar alawus.

Haka masu kai ɗauki a hanya. Idan mota ta kife a hanyar Gusau ko ta Illela, waɗanda ke fara isa 'yan kabu-kabu ne da direbobi da 'yan agaji, hannu tsirara cikin jini da fasasshen gilashi. Safar hannu ta asibiti gilashi na yaga ta, don haka a sa mai kauri a kanta lokacin ciro mutum. Kwalin safar da ya yi wata a gaban mota cikin zafin da ya haura digiri 40 kan bushe ya tsage wurin sawa, gara a ajiye shi cikin jaka a inuwa. Ƙwayar ciwon hanta kuma tana rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini, a kan gadon ɗaukar majinyaci ko kujerar mota. Ana fara goge jinin da tsumma, hannu cikin safa, sannan a zuba ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100: in bilic ɗin kasuwa ne da aka rubuta 3.5% a jikinsa, kofi 1 cikin kofi 6 na ruwa. A bar shi minti 10 kafin a ɗauraye. Haɗin jiya kan rasa ƙarfi, musamman wanda ya wuni a rana cikin buɗaɗɗen bokiti, sai an sake sabo kowace safiya.