Tsofaffin manhajojin DOS a kan Linux: me ke tashi, me ke gagara?

Me ya hana manhajar DOS aiki kai tsaye a kan Linux?

An gina MS-DOS, tsarin tafiyar da kwamfuta wanda ya fito a 1981 tare da kwamfutar IBM PC, bisa tunanin cewa manhaja ɗaya ce ke aiki a lokaci guda, kuma kwamfutar gaba ɗaya tata ce. Idan tana son rubutu ya fito a allo, tana iya zuba haruffan kai tsaye cikin ma'adanar katin hoto, idan kuma za ta buga takarda, sai ta yi magana da kafar firinta ba tare da neman izinin kowa ba. Linux kuwa ya gaji tarbiyyar Unix, inda babu manhajar da ke taɓa na'ura sai ta hannun zuciyar tsarin, wato kernel, domin kada kuskuren manhaja ɗaya ya durƙusar da sauran.

To ta yaya ake shawo kan wannan saɓani?

Ana amfani da shirye-shiryen da ke ƙirƙira wa tsohuwar manhaja muhallin DOS a cikin Linux. Ɗaya daga ciki, DOSEMU, wanda aka fara a 1992, ya dogara da wani yanayi da Intel ta saka a furosesa 80386, inda tsohuwar manhaja ke gudana a kan furosesa ta gaskiya tana zaton tana kan tsohuwar furosesa 8086, Linux kuma yana tare duk yunƙurinta na taɓa na'ura. Furosesa mai aiki a yanayin bit 64 ba ta ba da wannan dama, shi ya sa magajinsa dosemu2 ke amfani da KVM, wato sashen Linux da ke tafiyar da kwamfuta a cikin kwamfuta, ko kuma kwaikwayon furosesar. DOSBox, da ya fito a 2002, ya bi wata hanya dabam: yana kwaikwayon komai, daga furosesa da katin VGA har katin sauti na Sound Blaster, don haka yana aiki ko a kan na'urar da ba ta Intel ba. Mai son cikakkiyar kwamfuta ta kwaikwayo zai iya ɗora FreeDOS, wato DOS na kyauta, a cikin QEMU, shirin da ke kwaikwayon kwamfuta sukutum.

Wine, da ake tayar da manhajojin Windows da shi a kan Linux, shi ma kwaikwayo yake yi?

A'a. Wine, da aka fara a 1993, yana fassara buƙatun manhajar Windows ne zuwa abin da Linux ke ganewa, ba ya kwaikwayon furosesa. Direbobin na'urori da aka rubuta don Windows galibi ba sa aiki a cikinsa.

Idan manhajar tana sarrafa wata na'ura ta zahiri fa?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma a ganina nan ya kamata a fara bincike kafin a yar da tsohuwar kwamfuta. Kafar siriyal, wadda ke aika bayanai a jere ɗaya bayan ɗaya, ta fi sauƙi, domin Linux yana nuna ta da sunan /dev/ttyS0, ko /dev/ttyUSB0 idan ta hanyar adafta ce, kuma ana iya gaya wa DOSBox ya haɗa COM1, sunan da DOS ke kiran wannan kafa, da ita. Ma'auni ko injin masana'anta da ke aika bayanai sannu a hankali yakan yarda da wannan.

Kafar firinta ta dā ita ce mai taurin kai. Manhajoji masu tsada da yawa na zamanin suna zuwa da ɗan makulli da ake soka wa a wannan kafa, kuma manhajar tana latsa wayoyin kafar ɗaya bayan ɗaya don ta tabbatar yana nan. Adaftar USB ta kasuwa an yi ta ne don buga takarda kawai, ba ta isar da irin wannan magana. Linux yana da kira mai suna ioperm da ke buɗe wa manhaja kafar kai tsaye, amma sai da izinin root, wato babban mai kula da tsarin, kuma buɗe ta na nufin an janye kariyar da aka zaɓi Linux dominta. Ya fi dacewa a buɗe adireshin kafar da ake buƙata kaɗai.

Me ya sa wasu ke tashi amma su rikice?

Sau da yawa gudu ne. Wasu manhajoji suna auna lokaci da ƙidayar sau nawa furosesa ta maimaita wani aiki, kuma waɗanda aka rubuta da kayan rubuta manhaja mai suna Turbo Pascal sun shahara da faɗuwa da kuskure mai lamba 200 a kan furosesa mai sauri. A DOSBox ana rage gudun da saitin cycles har manhajar ta daidaita.