Baƙin Haure: Wace Katanga Aka Haura?

Da wuya a kammala labaran rana a rediyo kwanan nan ba a ambaci "baƙin haure" ba, kuma abin da yake damuna shi ne yadda ake liƙa kalmar a kan mutane iri uku waɗanda babu abin da ya haɗa su sai barin gida. Saurayin da kwale-kwale ya kife da shi tsakanin Libiya da Italiya baƙon haure ne, matar da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensu ta tsallako mana iyaka baƙuwar haure ce, haka ma mai shayin da ya zo daga Tasawa ya kafa tebur a Ƙofar Ƙaura.

Wannan haure ba shi da dangantaka da hauren giwa. Daga haurawa ya fito, wato tsallake katanga. Duk wanda ya tashi a gidan gargajiya a Katsina ya san yadda baƙo yake zuwa: yakan tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama, a aiko yaro ya tambayi wa ake nema, sannan a shimfiɗa masa tabarma a kawo ruwa. Wanda ya diro ta katanga da tsakar dare kuwa, sunansa ɓarawo, ko kwarto idan abin da ya kawo shi ba dukiya ba ce. Saboda haka kalmar ta haɗa abubuwa biyu da ba sa zama inuwa ɗaya, wato baƙo, wanda muke cewa baƙonka annabinka, da kuma haure, wanda hukuncinsa ihu da sanda. Mai karanta labarai yana zaton fassara yake yi, alhali ya riga ya yanke wa mutum hukunci kafin a ji ta bakinsa.

A doka, ɗan gudun hijira daban yake. Yarjejeniyar Janiba ta 1951 ta hana a hukunta shi don ya shigo ba da takarda ba, muddin kai tsaye ya fito daga inda rayuwarsa take cikin haɗari kuma ya gabatar da kansa ga hukuma ba da jinkiri ba, sannan yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta 1969 ta faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da wanda rikici ya kora. Ɗan ci-rani shi ma yana da madogara, domin yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS) ta 1979 ta ba ɗan yankin da ke riƙe da takardar tafiya damar shiga ba biza har kwana 90. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma ƙungiyar ta nemi a ci gaba da barin 'yan ƙasar suna zirga-zirga har sai an sake shawara.

Ban musa cewa hukuma tana da haƙƙin sanin mai shiga da mai fita ba. Wanda ya san irin abin da babura suke ɗaukowa ta hanyoyin daji a yankin Jibiya ba zai ce a bar iyaka a wangale ba, kuma haƙƙin mutanen gari na su kwana lafiya bai gaza haƙƙin baƙo ba. Tambayar da masu nazarin ɗabi'a suke kokawa da ita ita ce inda wannan haƙƙi ya tsaya idan wanda yake ƙofa mutuwa ce a bayansa. A ganina, a nan haƙƙin mai gida yakan zama na tambaya da tantancewa, ba na kora ba.

Sai dai ga mu Katsinawa akwai wata tambaya da ta riga wannan, wato wace katanga ce ma aka haura. Bayan da Malam Ummarun Dallaje ya ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe ta yi arewa ta kafa Maraɗi, kuma har yau Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar can. Layin da ya raba mu Ingila da Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyinsu tsakanin 1898 da 1906, ba tare da sun tambayi mai gona ko mai auren da ya ratsa ba. Katangar ce ta zo ta tarar da mutane a tsakar gidansu. Tsohuwar da ta ɗaura ƙwarya a ka ta bi ta Magama za ta sunan jikarta a Ɗan Isa ba ta taɓa riƙe fasfo ba, kuma idan aka bi harafin kalmar, ita ma ta haura.

Tun daga 2019, dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, yawancinsu da ƙafa, da goyo a baya, ba takarda ko ɗaya. Ƙauyukan can suka sauke su, aka rubuta su a matsayin 'yan gudun hijira, kuma da wannan sunan ne gidajen rediyonmu suka ba da labarinsu.