Buga zane a kan yadi da sikana da firinta: tambayoyin da aka fi yi mini

Tun da na buga hoton Hasumiyar Gobarau a jikin rigar matashin kai na ajiye a ɗaki, duk macen da ta shigo gidanmu a nan Katsina sai ta ɗaga shi ta juya, sannan tambaya ta biyo baya.

Kowace firinta za ta yi?

A'a, 'yar'uwa. Mai fesa tawada ake so. Ta leza da zafi take aiki, takardar mannawa (wadda ake buga hoto a kanta a manna shi a yadi da dutsen guga) da aka yi don tawada tana iya narkewa a cikinta ta ɓata miki na'ura.

Me zan ɗora a kan sikana?

Nan ne daɗin abin yake. Duk abin da zai kwanta shimfiɗe ya yi: ganyen darbejiya, zanen lalle da kika yi a takarda, ɗan ƙyallen atamfa, Dagin Arewa. Ni dai abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne tsohuwar babbar rigar kakanmu mai aska takwas. Ta tsufa har wuyan ya zare, ba mai iya sa ta. Na kwantar da ƙirjinta a gilashin, na saita sikana a kan 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, sai ga kowane zare ya fito a kwamfuta, har wurin da mai ɗinkin ya ɗaure bakin zarensa. Bugu ba zai taɓa kamo aikin allura ba, wannan na yarda, amma zanen bai mutu tare da rigar ba. In lokacin hunturu ne ki goge gilashin tukuna, don ƙura ma fitowa take yi.

Yaya hoton yake hawa yadin?

Ki buga shi a takardar mannawa, girman A4, wato santimita 21 da 29.7. Iri biyu ce. Ta farin yadi sai kin juya hoton a kwamfuta kamar a madubi, don kifa ta ake yi a kan yadin a danna da dutsen guga. Na taɓa mantawa, sunan amarya ya fito a birkice a jikin jaka, yadin ya tafi a banza. Ta yadi mai duhu ba a juyawa, ɓare ta ake yi a ɗora fuskar a sama, a rufe da takardar da ta zo da ita. Yadin auduga, irin alawayyo, ya fi karɓa. Ki wanke shi ya bushe kafin ki fara.

In babu wuta, dutsen guga na gawayi fa?

Ba na ba da shawara. Zafinsa ba ya tsayawa daidai, ga tartsatsi da toka. Gara ki jira wuta ko ki tada janareta. Ki kashe tururi, ki yi gugar a kan tebur mai tauri, ki danna da ƙarfi, musamman gefe-gefe, don daga nan yake fara ɗagowa.

Zai jure wanki?

Zai jure in an lallaɓa shi. Ki bar shi ya kwana ya wuni kafin wankin farko, ki juya cikinsa waje, ruwan sanyi, ba cuɗa mai ƙarfi, a shanya a inuwa. Kada dutsen guga ya sake taɓa fuskar hoton kai tsaye.