Takardar ɗan ƙasa da sashe na 42: ba wanda za a ɗaure

Tun da wani yaro daga unguwar Maguzawa da ke gabas da mu ya kai kuka sakatariyar ƙaramar hukuma cewa an hana shi takardar shaidar ɗan ƙasa, wato wadda ke nuna shi ɗan asalin ƙaramar hukumar ne, maganar ta ƙi kwanciya. Aka turo ma'aikata biyu su ji ta bakin mai unguwa da dagaci. Kafin ranar kasuwa ta zagayo labari ya sauya kama: wai sabuwar doka aka kawo daga Abuja, wai za a ɗaure dagaci, wai har 'yarka za a tilasta maka ka aurar ga wanda ba ka so. Duk ba haka ba ne.

Dokar ta girmi yawancinmu. Sashe na 42 ne na Kundin Tsarin Mulkin 1999, tushensa kuma tun 1957, lokacin da Turawa suka kafa kwamitin Willink ya saurari fargabar ƙananan ƙabilu, shawararsa ta sa aka rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a tsarin mulkin 1960. Sashen ya hana a tauye ɗan Najeriya saboda ƙabilarsa, garinsu, addininsa, ra'ayinsa na siyasa, ko don namiji ne ko mace.

To wa yake kamawa? Doka yake magana a kai da aikin hukuma. Gidanka naka ne, surukinka kai za ka zaɓa. Amma wanda aka damƙa wa hatimi, aka ce sai da sa hannunsa takarda za ta wuce daga mai unguwa zuwa hakimi zuwa sakatariya, wannan amanar jama'a yake riƙe da ita, ba shi da ikon duba inda mutum yake ibada kafin ya sa hannu.

Maganar ɗauri kuwa, a karanta sashen daga farko har ƙarshe, babu gidan yari a ciki, babu tara. Sashe na 46 ya ce wanda aka tauye ya tafi Babbar Kotu a jihar da aka tauye shi, ita za ta iya ba da umarni a gyara, ta kuma sa a biya diyya. Wanda ba shi da kuɗin lauya zai iya kai ƙorafi kyauta ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995. Binciken ƙaramar hukuma ba shari'a ba ne, tambaya ce a gano inda takarda ta maƙale. Ina zaton an cakuɗa zancen ne da dokar masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. A can ne ake da ɗaurin wata shida ko tarar naira 100,000, kuma tana magana ne a kan nuna wa makaho, kurma ko gurgu bambanci.

Masu cewa yanzu kowane baƙo zai karɓi takarda su ma su kwantar da hankali. Tsarin mulkin da kansa ya san ɗan asalin jiha: sashe na 318 ya ce shi ne wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. A lura, bai ambaci addini ba ko sau ɗaya. Bamagujen Sumaila ko Tudun Wada Bahaushe ne, kakanninsa a ƙasar nan suka yi noma, a nan aka binne su. In ba a ba shi takarda a nan ba, wace ƙaramar hukuma zai nufa?

Ni abin da ya fi ci min rai shi ne yadda muka shagala da tausayin mai hatimi muka manta da yaron. Ba tare da takardar nan ba babu tallafin karatu na jiha, babu shiga aikin soja ko ɗan sanda. Ya gama sakandare shekara biyu ke nan, har yanzu yana gonar babansa yana jira.