Karen Gargajiya Mai Juriya Ne, Amma Yana Bukatar Kulawarmu

A wajen aikin rigakafin dabbobi akwai maganar da nake yawan ji daga bakin masu karnuka: "Wannan ai ɗan ƙasa ne, ba ya ciwo." Mai maganar zai nuna maka wani kare siriri, ja ko ruwan ƙasa, kunnuwa a tsaye, gashi a kwance, wutsiya a lanƙwashe bisa gadon baya. Akwai gaskiya a cikin maganar, domin karen yana da juriyar da karnuka masu tsada ba su da ita. Amma wannan maganar ce ke sa a hana shi allura, a hana shi maganin tsutsa, a bar shi ya nemi abincinsa a juji. Daga nan 'yan kwikwiyo ke mutuwa, wani lokaci ma cutar ta tsallaka kan yaran gida.

Ya kamata mu fara sanin wane ne wannan kare da ake rainawa. Mutane da yawa sun ɗauka gaurayen jini ne, wato ragowar karnukan Turai da suka lalace. Tarihi ya nuna akasin haka. Kare ya rabu da kyarkeci ya zauna da ɗan Adam fiye da shekara 14,000 da suka wuce. A Bonn-Oberkassel da ke Jamus an tono wani kabari mai kimanin waɗannan shekaru, aka tarar an binne kare tare da mutane biyu. A Shuwaymis da Jubbah na ƙasar Saudiyya akwai zane-zane a jikin duwatsu da aka ƙiyasta sun kai shekara 8,000, suna nuna mafarauta da karnukansu, kuma karnukan suna da tsayayyun kunnuwa da lanƙwasasshiyar wutsiya, kamannin da muke gani har yau. Su kuwa nau'o'in da ake yi wa rajista da takardar asali, yawancinsu ba su haura shekara 200 ba. A 1859 aka yi baje kolin karnuka na farko a birnin Newcastle na Ingila, a 1873 kuma aka kafa ƙungiyar Kennel Club wadda ta fara rubuta asalin kowane kare. Daga lokacin ne mutane suka dage da zaɓar uwa da uba don fitar da wata siffa da ido ke so.

Shi karen gargajiya babu wanda ya zauna ya tsara siffarsa. Zafin rana, ƙarancin abinci, kaska, doguwar tafiya da aikin da mutanen wurin ke sa shi, su suka tace shi a tsawon dubban shekaru. Wanda ya kasa ya mutu bai bar zuriya ba. Shi ya sa kowane yanki ke da nasa. A dazukan Kongo akwai Basenji, ɗan ƙaramin karen farauta wanda ba ya haushi sai dai wani irin kuka mai kaɗawa. A yankin Sahel na Mali da Nijar da Burkina Faso akwai Azawak, mai dogayen ƙafafu, abokin zaman Abzinawa makiyaya. A Gabas ta Tsakiya akwai karen Kan'ana da ya daɗe yana gadin tantunan Larabawan ƙauye. A kudancin Afirka akwai Afrikanis, wanda aka kafa wa ƙungiyar kare asalinsa a 1998, Indiya ma tana da nata ɗan ƙasar. A 2009 masana daga jami'ar Cornell ta Amurka sun binciki jinin karnukan ƙauye 318 a Masar da Uganda da Namibiya, suka gano cewa yawancinsu asalinsu na nan Afirka ne, kuma ƙwayoyin halittarsu sun fi na nau'o'in Turai faɗi da bambanci.

Wannan faɗin jini shi ne dukiyar karen. Idan aka yi ta haɗa dangi da dangi don a tsare wata siffa, cututtukan gado sukan taru. Karnuka masu gajeren hanci irin su Bulldog da Pug suna fama da numfashi, zafi kaɗan ke kayar da su, kuma a Ingila mafi yawan macen Bulldog ba ta iya haihuwa sai da tiyata. Manyan karnukan gadi irin German Shepherd kuwa an san su da ciwon ƙugu. Karen gargajiya yana da dogon hanci da ke sanyaya numfashi, da siririn jiki mai saurin fitar da zafi, macensa kuma galibi tana haihuwa da kanta.

To sai dai mu lura da wani abu. Ƙaƙƙarfan karen da muke gani yana yawo, shi ne wanda ya tsira. Ba ma ƙirga 'yan uwansa da aka haifa tare da shi. Wani bincike da aka buga a 2016 ya bi diddigin 'yan kwikwiyon karnuka masu yawo a jihar Bengal ta Yamma a Indiya, ya tarar kimanin ɗaya cikin biyar ne kawai ke kaiwa wata bakwai da rai. Juriyar ɗan ƙasa ta zafi ce da wahala da yunwa. Babu wani kare a duniya, ɗan ƙasa ko baƙo, da jininsa ke kare shi daga ciwon hauka.

Nan ne nake so a fi tsayawa, domin nan ne lafiyar kare ta haɗu da lafiyar mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kusan mutum 59,000 duk shekara. Kashi 95 cikin 100 na mamatan a Afirka da Asiya suke, kashi 40 cikin 100 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka ta hanyar cizo ko yagar kare suke kamuwa. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Abin da ke ci mini rai shi ne cuta ce da ake iya hanawa gaba ɗaya. A yi wa kwikwiyo allura idan ya cika wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya tsara, a wurare da yawa duk shekara. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, aka ɗore a kan haka, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Da wannan ne Meksiko ta kai ga samun shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 cewa ta kawar da haukan da ake ɗauka daga kare.

Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu har tsawon minti 15, sannan ya nufi asibiti a ranar don allura. Kada a jira a ga abin da zai faru, kada a ɗaure ciwon da wani haɗi a zauna a gida. Shi kuma karen, idan ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a killace shi kwana 10 a sanar da ma'aikatan dabbobi. Karen da ya canza hali farat ɗaya, yana dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya tarar, ko muƙamuƙinsa ya saki, kada kowa ya sa masa hannu a baki da sunan ciro ƙashi.

Idan aka samu cizo a unguwa, abin da mutane kan fara tunani shi ne a zuba guba a kashe karnuka duka. Ina roƙo a daina. An gwada, bai yi aiki ba. A tsibirin Bali na Indonesiya cutar ta ɓarke a 2008, aka kashe dubun dubatar karnuka, mafi yawansu 'yan asalin tsibirin, cutar kuma ta ci gaba da bazuwa. Sai da aka koma ga allurar gama-gari a 2010 sannan adadin masu mutuwa ya sauka. Kisa yana tafiya har da karnukan da aka riga aka yi wa allura, wasu sababbi marasa allura su shigo su cike gurbin. Gubar kuma ba ta zaɓe, tana kashe kaji da tsuntsaye, yaro ma yana iya ɗauka.

Bayan hauka, manyan masu kashe 'yan kwikwiyo biyu ne. Farbo tana zuwa da amai da zawo mai jini da wari, cikin 'yan kwanaki kwikwiyo ya bushe. Distamfa kuma tana farawa da majina da kwantsa da tari, daga baya ta taɓa ƙwaƙwalwa, kare ya riƙa karkarwa. Allurarsu ana fara ta ne daga sati 6 zuwa 8 da haihuwa, a riƙa maimaitawa bayan sati 3 ko 4 har kwikwiyo ya kai sati 16. Allura ɗaya ba ta wadatarwa. Maganin tsutsar ciki kuwa tun yana sati 2 ake fara ba shi, domin yawancin 'yan kwikwiyo tun daga cikin uwa ko ta nono suke ɗaukar tsutsa. Babban kare a ba shi duk wata 3.

Masu kiwon tumaki da awaki su saurari wannan da kyau. Idan an yanka dabba aka ga hanta ko huhu da ƙullutu masu ruwa a ciki, kada a jefa wa kare. A ƙona ko a binne da zurfi. Waɗannan ƙullutu 'ya'yan tsutsa ne. Idan kare ya ci, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito cikin kashinsa ya gurɓata ciyawa da ruwa da hannun yara. A jikin mutum ƙwan yakan zama jakar ruwa a hanta ko huhu, wadda sau da yawa sai an yi tiyata. Haka ma kan tunkiyar da ta mutu tana juyi a wuri ɗaya, akwai wata tsutsar a ƙwaƙwalwarta da ke komawa garke ta hanyar kare. Maganin da ke kashe waɗannan tsutsotsi a cikin kare shi ne Praziquantel, a tambayi likita ko yana cikin wanda aka ba ku.

Kaska tana shan jini, tana kuma sa zazzaɓin da ke sa dasashin kare ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu. Akwai magungunan da aka yi musamman don kare, na ɗigawa a wuya da na haɗiya. Maganin feshin gona ba na kare ba ne, ya kashe karnuka masu yawa a hannun masu su da suka yi nufin alheri. Baƙin man inji da ake shafa wa mai ƙazuwa yana ƙona fata, kare kuma ya lashe ya shiga cikinsa. Kada kuma a ba shi maganin ciwon jikin mutane irin Paracetamol ko Ibuprofen sai da izinin likita, domin suna lalata hanta da ƙoda.

Abinci ba ya bukatar tsada, amma ya zama akwai nama, kifi ko ƙwai a ciki, ba tsabar hatsi kullum ba. A guji albasa, cakulan, inabi da dafaffen ƙashi mai tsagewa. Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa dare da rana, da inuwar da zai kwanta. Kada a ce sai ya yi ƙiba, domin ƙirarsa siririya ce. A jikin Azawak ma ganin layin haƙarƙari lafiya ce. Abin dubawa shi ne ƙyallin gashi, hasken ido da kuzari.

Halinsa ma yana bukatar fahimta. Kare ne mai wayo, mai lura, mai yanke shawara da kansa, domin kakanninsa da haka suka rayu. Yana riƙe mutanen gidansa da amana, amma yana ɗari-ɗari da baƙo. Wasu sukan ɗaure shi da gajeriyar sarƙa yini guda, su hana shi abinci, su doke shi wai don ya yi zafin gadi. Abin da ake samu daga haka kare ne matsoraci, shi kuwa matsoraci shi ya fi cizo, kuma sau da yawa ɗan gida yake cizo. Lokacin gyaran hali yana tsakanin sati 3 zuwa 12 da haihuwa. Kwikwiyon da aka saba masa da hannu da yara da dabbobin gida a wannan tsakani yakan tashi da natsuwa. Kada a raba shi da uwarsa kafin sati 8. A koya wa yara su ƙyale kare idan yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa.

Saura batun haihuwa. Karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka, kuma gidan da ba zai iya riƙe 'ya'yan ba gara ya kai ta likita a yi mata aikin tsayar da haihuwa, namijin kuma a fiɗiye shi. Hakan yana rage yawo da faɗa, yana kuma kare su daga wani ƙari mai zubar da jini a al'aura wanda karnuka ke ɗauka wajen barbara. Ƙarin yana warkewa da allurar Vincristine a hannun likita.

Wanda kuma yake son ya ci gaba da zuriya, shawarata ita ce ya haɗa ɗan ƙasa mai lafiya da 'yar ƙasa mai lafiya waɗanda ba dangin juna ba, ya daina neman baƙon kare wai don ya gyara iri. Labarin Basenji ya isa misali. Karnukan farko da aka kai Ingila daga Afirka distamfa ta kashe su, sai a shekarun 1930 aka samu wasu 'yan kaɗan da aka sake kaiwa suka zauna. Daga 'yan tsirarun nan aka yi ta hayayyafa a Turai da Amurka, har wani ciwon ƙoda na gado mai suna Fankoni ya yi yawa a cikinsu. A 1987 da 1988 masu kiwonsu a Amurka suka koma ƙauyukan Kongo, wadda a lokacin ake kira Zayar, suka nemo karnuka daga hannun mutanen ƙauye, a 1990 kuma ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka ta buɗe littafinta ta karɓe su. Sun samu abin da suka je nema ne saboda mutanen waɗannan ƙauyuka sun riƙe karnukansu yadda suka gada. A wurin da aka riga aka gauraye ɗan ƙasa da baƙin jini har ya ɓace, babu inda za a koma a samo shi.