Wutar sola daga sararin samaniya: kada a tsorata, kada kuma a yaudare ku

Jama'a, duk mai farantin sola a gida ko a asibitin ƙauye ya san damuwarsa. Rana na faɗuwa sai a koma kan batir. Hunturu na shigowa hazo ya dusashe hasken, firjin allurar rigakafi ya fara ƙara tun kafin asuba. Wannan matsala ce ta sa masana ke son kai farantan can sama, kimanin kilomita 36,000 daga doron ƙasa, inda ba gajimare, ba ƙura, dare ma kusan babu.

A can tauraron ɗan'adam zai tara wutar, ya mayar da ita igiyoyi dangin na rediyo, ya harbo su zuwa wani makeken fili da aka shimfiɗa wa ragar eriya, ita kuma ta sake mayar da su lantarki. Tun 1968 wani injiniya a Amurka, Peter Glaser, ya kawo shawarar. A 2015 hukumar sararin samaniyar Japan ta aika kilowat 1.8 tazarar mita 55 ba waya, a nan ƙasa. A 2023 jami'ar Caltech ta Amurka ta harbo irin waɗannan igiyoyi daga sama, na'urar da ke kan rufin gininsu ta ji isowarsa, amma ɗan mitsitsi ne ƙwarai.

Masu cewa zai sa ciwon daji, ku kwantar da hankali. Waɗannan igiyoyi ba irin hasken hoton ƙashi ba ne. Illarsu, in sun yi yawa, zafi ne. Shi ya sa ake tsara su a baje, ƙarfinsu bai kai na ranar tsaka ba, filin kuma a killace shi.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan damfara. Babu gida ko ɗaya a duniya da ke samun wuta ta wannan hanya, kuma a 2024 hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, da kanta ta ce tsadar wannan wuta za ta ninka ta solar ƙasa sau da yawa. Duk wanda ya zo muku da akwatin "kamo wutar sama" ko fom ɗin rajista, kada ku ba shi ko sisi.

Farantin da ke kan rufinku kuwa, don Allah a riƙa goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin ya ɗau zafi. A hunturu kada a bari ya wuce mako.