Kiredit, limit da makin bashi: kuɗin da ba naka ba ne tun farko

Tun da gwamnatin tarayya ta kafa CREDICORP a 2024 don sauƙaƙa wa ma'aikata sayen kaya bashi, kalmar "kiredit siko", wato makin bashi, ta shiga bakin 'yan jarida da 'yan siyasa. Rannan ina cikin mota na ji wani mai gabatar da shiri a rediyo yana fassara ta da "makin da ke nuna ƙarfin arzikin mutum". Baƙon da ya gayyato bai gyara masa ba, sai ma ya ɗora da cewa wanda makinsa ya yi sama ai ya zama attajiri. Na kashe rediyon.

Laifin ba nasu ba ne su kaɗai. A bakin Bahaushen yau kiredit abu uku ne: katin waya, alat ɗin shigar kuɗi asusu, da sakamakon jarrabawa, inda ake neman guda biyar har da Turanci da Lissafi. Duk ukun abu ne da ka mallaka. Shi ya sa da aka ce "kiredit kad" sai mutane suka ɗauka katin ATM ɗin da ke aljihunsu ake nufi. Ba shi ba ne. Katin ATM kuɗinka yake fitar maka, in sun ƙare ya tsaya. Katin bashi kuwa kuɗin banki kake kashewa, ƙarshen wata a kawo maka lissafi. Iyakar abin da aka yarje maka ka kashe ita ce limit.

Asalin kalmar daga Latin take, daga credere, wato yarda da mutum ko gaskata shi. Abin takaici, muna da kalmar da ta yi mata daidai kamar an auna, amma masu fassara sun bar ta a gida: lamuni. In aka ce wane yana da lamuni a kasuwa, ba a ce yana da kuɗi ba. An ce in ya ɗauki kaya zai kawo kuɗin.

Dubi yadda cinikin shanu ya gudana a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, shekara da shekaru. Falke ya koro shanu daga Arewa, ya sauka gidan maigidansa. Bai san mahautan garin ba, ba ya jin Yarbanci, su kuma mahautan ba su da kuɗin biya nan take, sai sun yanka sun sayar. Dillalin maigida ne zai sayar musu bashi na 'yan makonni, maigida kuma ya tsaya a kan kuɗin: in mahauci ya gudu, shi zai biya baƙonsa daga aljihunsa. Don haka aikin dillali bai tsaya ga sanin farashin shanu ba. Dole ya san kowane mahauci ciki da bai: shanu nawa ya saba yankawa a mako, wa da wa ke bin sa a kara, ya taɓa saɓa alkawari ko bai taɓa ba. Mahaucin da ya saba ɗaukar biyu, in ya zo yau yana neman biyar, sai a fara kallon juna. In aka ji ya jinkirta wa wani maigida kuɗi a can gefen kara, kafin la'asar labari ya zaga, gobe ko ɗaya ba zai samu ba. Babu takarda, babu sa hannu. To limit ke nan, maki ke nan, rage limit ke nan. Abin da Amurkawa suka yi shi ne sun ɗauke wannan sani daga kan dillali suka zuba a kwamfuta.

Abin da ya tunzura ni rubutun nan ma daga can ya zo. Ƙanena da ke aikin jinya a Amurka ya kira ni da tsakar dare, agogonmu ba ɗaya ba, muryarsa har rawa take.

"Yaya, banki sun cire min dala dubu shida."

Na tashi zaune. "Daga asusunka?"

"A'a, a kati. Da dubu goma ne, yanzu sun mayar da shi dubu huɗu."

"To kai nawa ka ajiye musu a ciki?"

Ya yi shiru. "Ban ajiye komai ba."

"Ashe ba su cire maka komai ba. Yardar da suka ba ka ce suka rage."

"Amma Yaya ko sau ɗaya ban taɓa makara ba, kuma makina ya faɗi."

A nan ne yake da gaskiya, kuma a nan ne abin yake da ban haushi.

Makin da aka fi amfani da shi a Amurka shi ne na FICO, kamfanin da wani injiniya Bill Fair da masanin lissafi Earl Isaac suka kafa a 1956. Makin da aka sani yau ya fito a 1989, yana farawa daga 300 ya ƙare a 850. Ana lissafa shi ne daga bayanan da kamfanoni uku suke tarawa a kan kowane mai cin bashi: Equifax, Experian da TransUnion. Kamfanin da kansa ya bayyana yadda yake raba nauyin: kashi 35 cikin 100 tarihin biya a kan lokaci, kashi 30 yawan abin da ake bin ka, kashi 15 daɗewarka kana mu'amala da bashi, sai 10 na sababbin basussuka da 10 na ire-irensu. Ka lura, babu albashi a ciki, babu abin da ke asusun ajiyarka, babu gida ko gona. Attajirin da bai taɓa cin bashi ba yana iya rasa maki gaba ɗaya, direban tasi mai biya a kan kari ya haura 800. Sai a gaya wa mai shirin rediyon nan.

Wancan kashi 30 ɗin shi ne inda aka kama ƙanena. Kwamfutar ba ta tsaya ga nawa ake bin ka ba, tana auna shi da nawa aka yarje maka. Ana bin sa dala 2,000 a katin da iyakarsa 10,000, wato ya taɓa kashi 20 na lamuninsa, mutumin kirki mai kamun kai. Da aka mayar da iyakar 4,000, bashin nan dai na 2,000 ya koma kashi 50. Bai sayi ko tsinke ba, bai makara ba, yana barci aka mayar da shi wanda ya cinye rabin lamuninsa. Rage limit ɗin shi kansa ba a rubuta shi a matsayin laifi a rahoton mutum. Lissafin rabawa ne kawai ya juya masa baya.

Me ya sa banki zai yi haka? Wasu dalilan kowa zai gane su: ka fara makara, ko bashinka a wasu katunan yana ta hauhawa, ko kullum mafi ƙarancin abin da aka wajabta kake biya. Wani dalilin kuma akasin haka ne, ka ajiye katin a durowa ba ka taɓa shi, ba ka kawo musu ko sisi, sai su ga gara su miƙa lamunin ga mai kashewa. Amma babban dalilin sau da yawa ba ya da alaƙa da kai. Limit ɗin da ba a taɓa ba ƙofa ce a buɗe, kuma banki ya san ranar da mutane za su yi tururuwa su shige ta ita ce ranar da aka sallame su daga aiki, wato ranar da ba za su iya biya ba. Saboda haka da ya hango hadari sai ya fara rufe ƙofofi. Haka aka yi a rikicin tattalin arziki na 2008 da 2009, haka aka sake yi a 2020 lokacin korona. Lamunin yana nan muddin ba ka buƙatarsa.

A wancan rikici na farko ne labarin wani matashin ɗan kasuwa a Atlanta ya karaɗe kafafen labaran Amurka. Kamfanin katin bashi American Express ya rage masa limit daga dala 10,800 zuwa 3,800, kuma cikin dalilan da aka rubuto masa har da cewa wasu masu sayayya a shagunan da ya shiga kwanan nan ba sa biyan bashi yadda ya kamata. Laifin maƙwabtan layi a kanti. Da surutu ya yi yawa kamfanin ya ce ya daina amfani da wannan ma'auni. Akwai kuma wata ɗabi'a da masu katin suke kuka da ita: kana biya ana bin ka a baya da almakashi. Ana bin ka 5,000, ka yi ƙoƙari ka rage zuwa 3,500, sai a sauke limit zuwa kusa da 3,500. A idon kwamfuta kullum katinka cike yake, alhali kai biya kake yi.

Ni a nan nake ganin tsarin ya gaza dillalin kara. Dillali in ya rage wa mahauci, ya san dalili, kuma sauran dillalai za su tambaya: ya ci amana ne, ko kuwa maigidan ne hannunsa ya yi sanyi bana? Suna bambance tsoron mai bayarwa da laifin mai karɓa. Kwamfuta ba ta yin wannan tambaya. Banki na farko ya tsorata ya rage, maki ya sauka, banki na biyu ya ga maki ya sauka shi ma ya rage, maki ya ƙara sauka. Kuma a Amurka makin nan ba a kan kati ya tsaya ba. Shi ke yanke kuɗin ruwan da za a ɗora maka a bashin gida ko na mota, masu gidajen haya suna dubawa, a jihohi da dama har kamfanonin inshora. Dokar ƙasar ba ta hana banki rage limit ba, ba ta ma tilasta masa yin gargaɗi tun kafin ya rage ba. Abin da ta hana shi ne ya ci tararka don ka haura sabuwar iyakar kafin kwana 45 da sanar da kai.

Sauƙin abin ɗaya ne. Makara a biya tabo ce, tana zama a rahoto har shekara 7. Wannan lissafin rabawa kuwa, a yawancin nau'o'in makin da ake aiki da su, ba ya riƙo: bankuna suna aika bayani kusan wata-wata, da bashin ya sauka maki zai farfaɗo. Kashi 30 da ake yawan cewa kada a haura ba wata katanga ba ce a cikin lissafin, shawara ce kawai, ƙasa da haka ya fi. Kuskuren da zuciya ke sa mutane yi shi ne su rufe katin don fushi. Ka rufe, ragowar lamunin ma ya tafi, bashin da ke sauran katunanka ya ƙara nauyi a ma'auni.

Batun riba kuwa, wanda ya biya duka kafin wa'adi ba a ɗora masa ruwa, amma ya sa hannu a yarjejeniyar da ta tanadi ruwan. Malamai sun yi magana a kai, ba su haɗu a kan fatawa ɗaya ba, ni kuma ba fagena ba ne.

A Najeriya katin bashi bai yaɗu ba, amma injin yana nan an kafa shi. Akwai dokar rahoton bashi ta 2017, akwai kamfanoni uku masu lasisin Babban Banki da ke tara bayanan: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Duk wanda ya taɓa cin bashin manhajar waya ya san daɗin "an ƙara min limit" da ɗacin a wayi gari an rage. Kai, ko wanda bai taɓa shiga banki ba, in ya taɓa danna *303# ya ari kati, ya ga abin da idonsa: layin da ake yawan sa wa kuɗi ana ba shi aro mai kauri, wanda aka yi watsi da shi a ce bai cancanta ba. Wannan ne kaɗai wurin da kiredit ɗin waya ya zama kiredit na gaskiya, kuma shi ne wurin da ba ma kiransa da sunan. Aro muke cewa.

Ƙanena dai ya kira bankin, suka ce bita ce da suke yi wa asusai lokaci-lokaci, ba su mayar masa ba. Ya biya 1,500 daga albashin watan, bashin ya koma 500 a kan 4,000, bayan wata biyu makin ya dawo kusa da inda yake. Har yau in zancen ya taso cewa yake yi, "lokacin da suka cinye min dubu shida."